Ƙwarin da ke cikin gashin tsuntsaye: wanne ke kashe mana kaji, wanne ne ba ruwansa?

Shin duk ɗan ƙwaron da aka gani a cikin gashin kaza ko tattabara cuta ne da ya wajaba a yi wa feshi? Kuma da gaske ne tsuntsayen daji ke kwaso mana su zuwa gida? Duk shekara idan damina ta kankama sai waɗannan tambayoyi su dawo, a wajen masu sayar da kaji a kasuwannin Garwa da Marwa, a cikin gidajen Kusiri da Njamena, har da zaurukan WhatsApp na masu kiwo. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kaza ta tashi daga kan ƙwai saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsaki suna ta ramewa, ba zawo ba tari. Yaran da ke kwana kusa da akurki sun wayi gari suna susa. Nan take sai a ce ƙuma ce, kafin a ankara wani ya kawo shawarar a nemo ragowar maganin feshin auduga a tsoma kajin a ciki.

Ƙwarin da ke zaune a kan gashin tsuntsu dare da rana, yawancinsu ba su ne ke kashe mana kaji ba. Masu shan jinin, yawancinsu mazauninsu akurki ne, da ciyawar makwancin ƙwai, da tsagar bango. Wanda ya tsoma kaza a guba ya bar akurki yadda yake, ya bar jaki yana dukan taiki, kuma ya zuba guba a cikin ƙwan da iyalinsa za su ci.

## Su wane ne ke zaune a jikin tsuntsu

Ga mai madubin ƙara girma, hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ƙirga ƙafafu. A cikin masu ƙafa shida akwai ƙwarƙwatar kaji, 'yar doguwa mai launin rawaya-rawaya, wadda ke ruga da gudu da zarar an buɗa gashi. Ɓarɓashin gashi da na fata ne yawancin abincinta, tana manna fararen ƙwayayenta a gindin gashi, kuma duk rayuwarta a jikin kaza take yin ta. Sai ƙuma ta ainihi, wadda ke taruwa baƙi ƙirin a kewayen ido da jan naman kan kaza, ta kafa baki ta ƙi sakewa. Ƙwayayenta ƙasa suke faɗawa, 'ya'yanta su girma cikin ƙura da kashin kaji.

Masu ƙafa takwas kuwa dangin gizo-gizo da kunama ne. Babbarsu ita ce kaska. Ƙananan su ne abin da ya kawo mu: halittu ne da yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba, masana kuma suna haɗa su da kaska a rukuni guda mai suna Acari. Ƙwaron da ke jawo ƙazwa a jikin mutum ma ɗan wannan gida ne. A jikin tsuntsu kowa da unguwarsa. Wasu a kan faffadan gashin fiffike da na wutsiya suke, wasu a lallausan gashin ciki, wasu cikin kororon gindin gashi, wasu suna haƙa fata, wasu kuma jini kawai suke zuwa sha su koma. A tattara waɗannan duka a ce cuta ɗaya ce mai magani ɗaya, daga nan asara take farawa.

## Ƙwarin gashi na asali

Wanda ya taɓa kama kurciya ko jan-baki ya buɗe fiffiken ya ɗaga wa rana, mai yiwuwa ya ga wasu ɗige-ɗige masu duhu a jere, kwance tsakanin siraran zaruruwan gashi, kusa da karan tsakiya. In ba a lura ba sai a ɗauka datti ne. To su ne ƙwarin gashi. An riga an siffanta nau'o'insu sama da 2,500 a duniya, kuma har yanzu ana gano sababbi.

Kamaru tana da suna a tarihin wannan ilimi, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. Tsakanin 1957 da 1959 wasu masana biyu 'yan Faransa, Jean Gaud da Jean Mouchet, sun wallafa jerin bincike a kan ƙwarin gashin tsuntsayen Kamaru, inda suka raɗa wa nau'o'i da dama suna a karon farko. Gaud ɗin nan, wanda asalinsa likita ne, shi ne daga baya ya haɗu da Warren Atyeo na Amurka suka fitar da babban kundin ƙwarin gashi na duniya a 1996, gidan tarihin Afirka ta Tsakiya da ke Tervuren a Beljiyam ya buga shi. Har yau da shi masu wannan fanni suke aiki.

Halittar ƙwarin nan abin a tsaya a duba ne. Jikinsu shimfiɗaɗɗe ne don ya shige tsakanin zaruruwan gashi, a ƙarshen ƙafafunsu kuma akwai ɗan faifan mannewa, shi ya sa iska ba ta kakkaɓe su ko da tsuntsu ya keta hamada da teku. Bakinsu na kankara ne, ba na huda fata ba. Idan sanyi ya yi yawa sai su matsa zuwa gindin gashi, kusa da ɗumin jiki. Masu bincike a Sifaniya ma sun lura cewa idan tsuntsu ya fara sake gashi, ƙwarin suna ƙaura daga gashin da ya kusa faɗuwa zuwa na kusa da shi, tun kafin ya zube.

Abu mafi muhimmanci ga mai kiwo shi ne yadda suke yaɗuwa. Ba sa daɗewa a raye idan sun rabu da tsuntsu, ba sa tashi, ba sa tsalle. Galibi a sheƙa suke sauka daga jikin iyaye zuwa jikin 'ya'ya idan gashin 'ya'yan ya fito. Saboda haka kusan kowane dangin tsuntsu da nasa ƙwarin, gado ne da ya daɗe ana miƙawa. Na balbela daban, na shamuwa daban, na tattabara daban. Tsuntsu guda ma yana iya ɗaukar nau'i biyu ko uku, kowanne da gashin da ya riƙe.

## Cuta ne ko masu shara? Inda masana suka saɓa

Tsofaffin littattafan likitancin dabbobi sun sa su a jerin masu cutarwa, kuma suna da hujja. Halitta ce da ke rayuwa a jikin wata, ba ta iya zama sai da ita. An daɗe ana ganin cewa man da tsuntsu ke matsowa daga ƙullin gindin wutsiyarsa yana shafe gashinsa da shi, shi suke lashewa. Sannan an sha samun su da yawa a jikin tsuntsaye marasa lafiya.

Ɗaya ɓangaren suka ce a dakata. Tsuntsu marar lafiya ba ya gyaran gashinsa da baki kamar mai lafiya, don haka komai ma yana taruwa a jikinsa. Ganin ƙwari da yawa a jikin mai ciwo bai nuna su suka kawo ciwon ba. Da aka auna tsuntsayen daji masu yawa, aka gwada nauyinsu da yawan ƙwarin gashinsu, a mafi yawan nau'o'in ba a ga wata alamar ramewa da ke tafiya tare da yawan ƙwarin ba.

Binciken da ya fi karkatar da ra'ayi shi ne wanda Jorge Doña da abokan aikinsa suka wallafa a 2019. Sun duba cikin ƙwari sama da 2,000 da aka ɗebo daga nau'in tsuntsaye 190 a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan halittu, suka kuma yi gwajin ƙwayoyin halitta a kan abin da ke cikin hanjin wasu. Abin da suka tarar shi ne funfuna, sai kuma alamun bakteriya. Jini bai bayyana ba, fata ma haka. Su kuwa funfuna da bakteriya, a cikinsu akwai masu ruɓar da gashi. Wato dai ƙwarin da ke kan faffadan gashi sun fi kusa da masu shara.

A ganina wannan hujja ta fi ƙarfi, amma kada a wuce gona da iri. Binciken a kan masu zama bisa faffadan gashi ya tsaya. Masu shiga kororon gindin gashi, irin su Syringophilus, suna huda bangon kororon su tsotsi ruwan jiki, waɗannan masu cutarwa ne ba tantama. Haka nan akwai wani ƙwaron gashin kaji mai suna Megninia, wanda idan aka cunkusa kaji a ɗaki guda ba wurin birgima, yakan yi yawa har ya sa ƙaiƙayi, gashi ya lalace, ƙwai ya ragu. Tattabaru ma suna da nasu, Falculifer rostratus, da kan ɓata gashin fiffike idan ya yi yawa. Sai dai a lura: yanayin da muka ajiye tsuntsun ne ke sa ƙwaron ya fi ƙarfinsa. A jikin kazar da ke yawo a tsakar gida tana birgima a toka, da wuya abin ya kai haka.

## Masu shan jini

Nan ne asarar take, don haka nan ya kamata a daɗe.

Ta farko ita ce jar ƙumar kaji, Dermanyssus gallinae, wadda mai ƙafa takwas ce, ba ƙuma ta ainihi ba. Ba ta wuce milimita ɗaya ba. Idan tana jin yunwa launinta toka-toka ne, idan ta ƙoshi ta koma ja, daga baya ta yi duhu. Halinta irin na kuɗin cizo ne: da rana tana ɓuya a tsagar bango, ƙarƙashin sandar da kaji ke hawa, cikin saƙar kwando da ciyawar makwanci, da dare ta fito ta hau kaza ta sha jini na kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, ta koma maɓoyarta kafin gari ya waye. Shi ya sa mai gida zai kama kazarsa da hantsi ya bincike ta tas bai ga komai ba, alhali jininta ake kwasa kullum. Idan ta sami ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babba mai yin nata ƙwan mako guda ya ishe ta, wannan ne dalilin da akurkin da ke lafiya a farkon damina yake cika da ita kafin wata biyu. Kuma tana iya zama kimanin wata takwas ba ta sha jini ba. Mutum zai sayar da kajinsa duka ya rufe ɗakin, ya dawo bayan watanni da sababbi, ya tarar ana jiransu.

Alamominta ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Kaji su riƙa ƙin shiga akurki da magariba, su fi son kwana a kan katanga ko bishiya. Jan naman kansu ya koɗe saboda ƙarancin jini. Ƙwai ya ragu, wanda aka samu kuma da ɗigon jini a ɓawonsa, inda aka murƙushe ƙumar. Kaza mai kwanci ita ta fi shan wuya, domin kwana 21 take yi a wuri guda, kuma ta fi kowa samuwa. Ko dai ta gudu ta bar ƙwan ya huce, ko ta daure ta mutu a kai. 'Yan tsaki kuwa jininsu bai taka kara ya karya ba, dare kaɗan ya isa ya gama da su. An kuma tabbatar ƙumar nan tana iya ɗaukar ƙwayar cutar Salmonella daga wannan kaza zuwa waccan.

Ta biyu ita ce ƙumar ƙasashe masu zafi, Ornithonyssus bursa, ita ma mai ƙafa takwas. Ita ba ta jiran dare. Tana zama a jikin kaza, musamman kewayen dubura inda gashi ke yin baƙi da kashinta, tana kuma cika makwancin ƙwai. Ita ce wadda ke hawa hannun mace idan ta sa shi ƙarƙashin kaza don duba ƙwai. Sauƙinta ɗaya: idan ba tsuntsu, kimanin kwana goma take yi ta mutu.

Ta uku kaskar kaji ce, Argas persicus, wadda ta fi sauran girma nesa ba kusa ba, shimfiɗaɗɗiya mai laushin jiki. Ita ma da dare take fitowa, daga tsagar ginin laka ko ƙarƙashin ɓawon bishiyar da kaji da zabbi ke kwana a kai. 'Ya'yanta kan maƙale a ƙarƙashin fiffike na 'yan kwanaki kafin su sauka. Busasshen yanayi irin namu ba ya damunta, kuma tana iya shekaru ba ta ci ba. Bayan jinin da take sha, tana ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Borrelia anserina, wadda ke sa wa kaza zazzaɓi da koren zawo da kasala. Sau da yawa ana ɗirka wa kaji magani a ruwa saboda wannan zawo, su ɗan farfaɗo, ciwon ya dawo, domin mai kawo shi tana nan cikin bango.

## Masu haƙa fata

Waɗannan ido ba ya ganinsu, aikinsu kawai ake gani. Knemidocoptes mutans yana shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafar kaza, ƙafar ta yi kaushi ta kumbura da farin ɓarɓashi, tsohon zakara ya koma ɗingishi. Maganinsa na hannun kowa: a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da sabulu, a shanya, a shafe ta da basilin ko man kaɗanya har ya toshe ramukan, a maimaita duk bayan 'yan kwanaki na wasu makonni. Kada a ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, jini zai fito. Ɗan'uwansa kuma gindin gashi yake haƙawa, ƙaiƙayin ya sa kaza ta riƙa fige kanta da kanta.

## Laifin tsuntsayen daji ne?

Yankinmu mahaɗar tsuntsaye ce. Fadamar Logon da gandun dajin Waza, da tafkin Maga, da tafkin Chadi, duk suna karɓar baƙin tsuntsaye daga Turai a lokacin sanyi, shamuwa kuma tana zuwa da damina. Ba mamaki idan wani abu ya sami kaji a fara zarginsu.

Game da ƙwarin gashi na asali, zargin bai da tushe. Ƙwaron da ya saba da fiffiken jan-baki ba zai zauna a jikin kaza ba. Game da masu shan jini kuwa akwai ƙamshin gaskiya, domin su ba sa zaɓen tsuntsu. Sheƙar ƙananan tsuntsaye a cikin rufin akurki, ko ɗakin tattabaru da ke manne da na kaji, suna iya zama matattararsu, kuma idan 'ya'yan tsuntsun suka tashi suka bar sheƙar, ƙumar da ke ciki sai ta bazu neman wani jinin.

Amma babbar hanyar ita ce hannun mutum. A Turai, da aka bi diddigin jar ƙuma ta gwajin ƙwayoyin halitta, an ga cewa daga gona zuwa gona take tafiya ta hanyar kasuwanci, ba ta tsuntsayen daji ba. Mu ma mu dubi namu. Ƙwan da ake lodi daga yankin Bafusam zuwa arewa har Chadi a kiret na takarda yake zuwa, kiret ɗin kuma ba a jefar da shi, ana ta juya shi daga mai shago zuwa mai gona. Kwandunan dillalai suna zagaya kasuwannin mako, yau kajin wannan ƙauye gobe na wancan. Zakaran da aka sayo don suna ko salla a saka shi cikin na gida a daren farko. Duk waɗannan sun fi shamuwa kusa da akurkinmu.

A nan akwai abin da bai kamata a rikita ba. Ƙuma a hankali take ramar da kaji. Idan kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, da kumburin kai ko murɗewar wuya ko wahalar numfashi, wannan ba aikinta ba ne. Ana iya tunanin cutar Niyukasil ko murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Kamaru a 2006, a jikin agwagi a Marwa. Irin wannan sai a gaggauta sanar da malaman dabbobi. Cibiyar LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa tana gwaje-gwaje tana kuma sarrafa rigakafin dabbobi har da na kaji, a Chadi kuma akwai cibiyar binciken kiwo ta Farcha a Njamena.

## Me ya sa feshin auduga ba mafita ba ne

Masu ba da wannan shawara ba mugaye ba ne. Maganin yana kusa, an riga an biya kuɗinsa, kuma da an zuba ana ganin ƙwari suna faɗuwa. Macen da kajinta goma su ne kuɗin littafin 'ya'yanta da abin yanka wa baƙo, ba za ta zauna tana kallon suna mutuwa ba. Na fahimci wannan sarai. Amma maganin auduga an haɗa shi ne don ganye a fili, ba don fatar abin da za a ci ba. Yana ratsa fata, yana taruwa a kitse da gwaiduwar ƙwai, ba kuma wanda ya auna kwana nawa zai ɗauka kafin ya fita daga jikin kaza. 'Yan tsaki da yawa guba ce ke kashe su a ɗora wa ƙuma. Wanda ya tsoma hannunsa a ciki ba safar hannu shi ma ya sha rabonsa. Maganin kaskar shanu kuma da jikin saniya aka auna shi. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fatar kaza.

Turawa da duk tsarinsu sun faɗa wannan rami. A 2017 an gano cewa an gauraya wani sinadari mai suna fipronil, wanda doka ta hana amfani da shi a kan dabbobin ci, a cikin maganin da ake fesa wa ɗakunan kaji don kashe jar ƙuma a Holan da Beljiyam. Sinadarin ya bayyana a cikin ƙwai. Aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin ƙasashe da dama, aka rufe gonaki masu yawa. Can akwai mai gwada ƙwan kafin ya kai baki. A nan ƙwan kazar da aka tsoma jiya, yau yaro zai ci shi.

Akwai kuma wata illa da ba a ganinta nan take. Yawan maimaita magani iri ɗaya, musamman idan an tsinka shi da ruwa don ya ƙara yawa, yana kashe masu rauni ya bar masu juriya su hayayyafa. An riga an ga jar ƙumar da magungunan feshi da dama ba sa yi mata komai.

## Yadda za a gane, da abin da za a yi

Kafin a kashe ko dala ɗaya, a fara gano da wa ake faɗa. A shiga akurki da tocila bayan isha'i a haska sandar kwana da bango da jikin kajin. A goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar, idan ya fito da layin jini to jar ƙuma ce. Ko a naɗe guntun kwali mai ramuka a ɗaure a wurin, da safe a buɗe shi a kan farar takarda. Da rana kuma a buɗa gashin gindin wutsiya da ƙarƙashin fiffike. Idan abin da aka gani ɗige-ɗige ne kwance a kan gashin fiffike, ba sa gudu, fatar lafiya lau, kazar tana ci tana ƙwai, a sake ta ta tafi.

Idan masu shan jini ne, aikin na ɗaki ne. A fitar da kaji, a kwashe ciyawar makwanci da kashi a ƙone su nesa da rufin ciyawa. A kwarara tafasasshen ruwa a tsagogi da gaɓoɓin sanduna, a yaɓe tsagar bango da laka, a shafa farar ƙasa. Kwanduna da kiret da tukwanen kwanci a baza su a rana tun safe har la'asar. Zafin da ya wuce digiri 45 yana kashe jar ƙuma, kuma ƙasar da ranar Garwa ta gasa a bazara tana wuce haka. Abin da aka fi mantawa shi ne maimaitawa: ƙwayayen da suka tsira za su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, don haka a sake aikin bayan mako guda, a kuma sake. Sabuwar kaza a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Kazar da za ta fara kwanci a ba ta sabon makwanci, ba wanda wata ta tashi daga kai ba.

Sai kuma a bar kaza ta taimaki kanta. Birgima a toka da lallausar ƙasa da iyayenmu mata suka saba tanadar wa kaji ba al'ada ce kawai ba, ƙurar tana busar da jikin ƙwari. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Kaliforniya aka wallafa a 2012, an gauraya yashi da farar wuta ko farar laka a akwatin birgima, cikin mako guda ƙuma da ƙwarƙwata suka ragu da kashi 80 zuwa 100 a jikin kajin da suka shiga. Da damina, lokacin da ko'ina ya jiƙe, a tanadi busasshen wuri a ƙarƙashin rumfa don wannan. Masu manyan gonaki da ke yanke wa kaji baki su san cewa kazar da aka datse wa baki ta fi tara ƙwari, domin da shi take tsince su. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, wadda ta cika titunan Marwa, an gwada shi yana rage ƙuma idan an fesa a ɗaki, ko da yake shi kaɗai ba ya gamawa da su.

Idan abin ya fi ƙarfin wannan, akwai magungunan da aka yi musamman don kaji, na feshin ɗaki da na barbaɗawa, har da wanda Turai ta amince da shi a 2017 da ake sawa a ruwan sha sau biyu, mako guda tsakani. A saya a wurin likitan dabbobi, cikin kwalbarsa mai rubutu, a kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

## Mutanen gida fa?

Ƙumar kaji tana cizon mutum, musamman idan kajin sun mutu ko an sayar da su ta rasa abinci. Cizon yana fitowa ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuya, hannu da kugu. Amma ba ta iya kafa zuriya a jikin ɗan Adam, kuma da an gyara akurki, an wanke shimfiɗu an shanya su a rana, abin yana wucewa. Kaza mai kwanci a ƙarƙashin gado ko a ɗakin da jariri ke kwana, wannan kam a daina. Ƙwarin gashi na asali ba sa cizon mutum ko kaɗan, mai figar kaza ko zabo bai da abin tsoro daga gare su.

Idan kuwa an gyara komai, mako biyu ya wuce ƙaiƙayin yana nan, ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma ya kama mutanen ɗaki ɗaya bayan ɗaya, to a je asibiti. Mai yiwuwa ƙazwa ce, wadda daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ba daga kaji ba, kuma maganinta sai an shafa wa duk mutanen gidan a lokaci guda.